"An Caje Shi": Kalma Ɗaya, Kaya Iri-iri

Idan aka ce maka an caje wane, me ka fahimta? Mai yiwuwa 'yan sanda ne suka tare shi a hanya suka laluba aljihunsa da bayan motarsa. Mai yiwuwa banki ne ya zare wasu 'yan nairori daga asusunsa. Mai yiwuwa kuma an tsayar da shi gaban alƙali an karanta masa laifin da ake tuhumarsa da shi. Abubuwa uku ne da ba su haɗa hanya ba, na ƙarshen ma yana iya raba mutum da iyalinsa na shekaru, amma bakinmu ya zuba su a ƙwarya ɗaya. Biyu na ƙarshe sun zo mana ne daga kalmar Turanci "charge", wadda muka ara muka mai da ita caji, har ta haifa mana caja da caji ofis.

Ba na cikin masu son a kori caji daga Hausa. Kalmar ta zauna, ta yi 'ya'ya, kuma babu mai cewa zai je ya "ɗura wa wayarsa wuta" a rumfar mai caji. Abin da nake ja a kai shi ne ɗabi'ar da ta yi yawa a ɗakunan labarai da wajen tafinta da masu fassara takardun hukuma, ta ɗaukar kowace kalmar Turanci a nema mata abokiya guda ɗaya a Hausa, a riƙa liƙa ta ko'ina. "Charge" ba ta da abokiya ɗaya. A bakin lauya wani abu ce, a bakin mai gyaran firji wani abu ce daban, a bakin ma'aikacin banki kuwa abu biyu ce, kuma wanda bai tambayi mai sana'a ba zai ɓatar da mai sauraro yana ganin ya yi masa hidima.

Asalinta amalanke ne. Mutanen ƙasar Gol, inda Faransa take a yau, suna da keken ɗaukar kaya da suke kira "karros". Romawa suka ari sunan suka ce "carrus", kuma Yuliyos Kaisar ya ambaci irin waɗannan kekuna a labarin yaƙin da ya fara a can shekara 58 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga baya Latin ta samar da aikatau "carricare", wato yi wa amalanke lodi. A tsakiyar Faransa sautin "ka" na farkon kalma ya koma "ca", sai aka sami "chargier". Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066 Faransanci ya zama harshen fada da kotu, kalmar ta shiga Turanci a wajen ƙarni na 13 da ma'anarta ta lodi da nauyi. 'Yan uwanta sun bi wasu hanyoyi suka iske ta a can: "carry" daga Faransancin arewa da bai sauya sautin ba, "cargo" daga Sifaniyanci, "car" ita kanta, har da "caricature" daga Italiyanci, wato zanen da aka yi wa lodi fiye da kima, aka ƙara wa mutum hanci ko kunne.

Wanda ya riƙe wannan hoto na lodi ya riƙe bakin zaren. Abin da ya fi burge ni shi ne Hausa ta riga ta bi wannan tafarki da ƙafarta, ba tare da ta san da amalanken Gol ba. Muna ɗora wa jaki kaya, muna ɗora wa mutum nauyi, muna ɗora wa talaka haraji, muna ɗora wa wani laifi. Maharbi kuma yana ɗura wa bindiga albarushi. Ɗora da ɗura sun kusa shanye duk ma'anonin "charge". Ko katin waya, da Bature ya ce "recharge", mu loda shi muke yi, mun mayar da kalmar gidanta na fari. Ke nan ba talaucin harshe ne ke damunmu ba, gaggawa ce.

Ta hanyar bindiga kalmar ta shiga ilimin lantarki. A 1746 wani masani a garin Leiden na ƙasar Holan, Pieter van Musschenbroek, ya nuna cewa ana iya tara wutar lantarki a cikin kwalba, ta fizgi wanda ya taɓa. Benjamin Franklin na Amurka, a wasiƙun da ya fara aika wa Peter Collinson a Landan daga 1747, ya riƙa maganar ɗura kwalbar da sauke ta kamar yadda ake ɗura bindiga a harba, kuma jerin kwalaben da ya haɗa ya kira su "battery", sunan jerin igwa a fagen yaƙi. Daga nan batir ɗinmu ya fito. Franklin ya ɗauka lantarki wani ruwa ne guda ɗaya, inda ya yi yawa ya sa alamar ƙari, inda ya gaza ya sa alamar ragi. Sai a 1897 J. J. Thomson ya gano ƙwayar ilektron, aka tarar ita ce ke tafiya a cikin waya kuma alamar ragi take ɗauke da ita. Shi ya sa har yau kibiyar gudun wuta da ake zana wa ɗalibai a allo tana nuna kishiyar inda ƙwayoyin suke dosa.

A nan ne ɗalibin da ya taso da "cajin waya" yake tuntuɓe. A ajin kimiyya "charge" siffa ce ta ƙwayar abu, kamar yadda nauyi yake siffa, ana auna ta da ma'aunin kulom. Kulom ɗaya shi ne abin da ke wucewa idan amfiya ɗaya, ma'aunin gudun wuta, ta gudana na daƙiƙa ɗaya. Batirin waya da aka rubuta wa 5,000 mAh, wato amfiya 5 na tsawon awa ɗaya, yana iya tura kulom 18,000, domin amfiya 5 ne sau daƙiƙa 3,600. Amma batirin da ya cika bai fi wanda ya ƙare yawan ilektron ba. Abin da caja take yi shi ne ta kora ƙwayoyin litiyam daga ɓangare ɗaya na batirin zuwa ɗayan, kamar a ɗebi ruwa daga rijiya a hau da shi tanki. Ruwan bai ƙaru ba, matsayinsa ne ya sauya. Malamin da ya bar yara suna zaton ana zuba wani abu ne a cikin batir kamar man fetur ya bar musu kuskuren da zai bi su har jami'a.

Wannan ruɗani yana cin kuɗin mutane a kasuwa. Ƙaramin bankin caji da aka rubuta wa 10,000 mAh, an auna shi ne a kan bolt 3.7 na ƙwayar litiyam da ke cikinsa, wato wat-awa 37. Idan zai ba waya wuta sai ya ɗaga ta zuwa bolt 5, adadin ya sauko zuwa 7,400, zafi kuma ya ci wani kaso. Mai saye ya yi lissafin zai cika wayarsa mai 5,000 sau biyu, sai ya ga da ƙyar ya yi ɗaya da rabi, ya ce an sayar masa da jabu, alhali wani lokacin kayan na gaske ne, ma'aunin ne bai faɗi abin da ya zata ba. Haka batirin sola na gubar dalma mai 200 Ah a bolt 12: a takarda wat-awa 2,400 ne, amma idan ana son ya yi ƙarko rabi kawai ake sha. A riƙa tatse shi ƙarƙaf kowane dare, ko a bar shi kwanaki babu cikakken caji, sai wani farin gishiri ya daskare a farantansa, ya daina riƙe wuta. Batirin mota mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6 idan injin na kashe, idan an tayar kuma ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4. In bai kai ba, laifin na na'urar da ke yi masa caji ne ko bel ɗinta, sayen sabon batir ba zai yi magani ba.

Mai gyaran firji shi ma yana da tasa "charge", kuma ba ruwanta da wuta. Nauyin gas ne da kamfani ya ƙayyade wa na'urar, an rubuta shi da giram a takardar da ke manne a baya ko a ciki, tare da sunan gas ɗin. Firjin gida mai amfani da gas ɗin R600a sau da yawa bai kai giram 100 ba, don haka ƙarin 'yan giram kaɗan ma ɓarna ne. Aikin ƙwarai shi ne a nemo inda yake yoyo a toshe, a zuƙe iska da laima da famfon zuƙa, sannan a ɗura gas a kan sikeli. Idan ya yi yawa, matsi ya hau, kwamfiresa ta yi zafi, ƙanƙara ta bi bututun da ke komawa gare ta. Idan ya yi kaɗan, gefe ɗaya ne zai yi sanyi, injin ya yi ta gudu ba hutu. R600a kuma yana kamawa da wuta, ba a musanya shi da R134a. Wanda ya fassara littafin koyon wannan sana'a ya rubuta "a yi wa firjin caji" ya tura almajiri wajen soket. Ɗurin gas ake cewa, masu aikin ma haka suke faɗa.

Duk waɗannan asarar kuɗi ce. A kotu asarar ta mutunci ce da 'yanci, shi ya sa nan ne na fi son a tsananta. "Charge" a shari'ar laifi takarda ce mai ƙa'ida: tana faɗin sunan laifin, da sashen dokar da aka karya, da rana da wuri, da wanda aka yi wa ko abin da aka taɓa. Idan laifuffukan suna da yawa sai a jera su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da amsarsa. Hausa tana da tsani mai kyau na wannan tafiya. Zargi shi ne abin da kowa ke iya yi da baki ko a takardar ƙorafi. Tuhuma ita ce wadda mai gabatar da ƙara ya shigar a kotu. Gurfanarwa ita ce ranar da aka tsayar da mutum aka karanta masa aka nemi ya amsa. Samu da laifi sai bayan shaida, hukunci kuma ya biyo baya. Matakai biyar ne, kuma sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar. Labarin da ya ce "an kama shi da laifin sata" ranar da aka gurfanar da mutum ya tsallake matakai biyu ya yanke masa hukunci a kunnen unguwarsu. Ko kotu ta wanke shi bayan shekara uku, surukansa da abokan cinikinsa labarin farko suka ji.

Shi wannan sashe na 36 ya kuma wajabta a sanar da wanda ake tuhuma laifinsa dalla-dalla cikin harshen da yake ji, a ba shi tafinta kyauta idan ba ya jin harshen kotu. Manyan kotunan Nijeriya sun sha rushe shari'a gaba ɗaya saboda ba a karanta wa mutum tuhuma aka bayyana masa ita yadda ya kamata ba kafin ya amsa. Ke nan fassarar wannan kalma ba ado ba ce, ginshiƙin shari'ar ce.

Akwai kuma abin da lauyoyi ke kira "holding charge". Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Idan laifin babba ne kamar kisa ko fashi da makami, akan kai mutum gaban majistare wanda ba shi da hurumin yin shari'ar, ya tura shi gidan gyaran hali a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta sa wa irin wannan tsarewa wa'adin kwana 14 a karon farko, ƙari kuma sai an koma gaban kotu da dalili. Iyalin da aka gaya wa "an caje shi a kotu" sukan koma gida suna jiran ranar shari'a, ba su san cewa shari'ar ba ta ma fara ba, ba su san akwai wa'adin da za su iya tsayawa a kai ba. Da an ce musu "tsarewar jira ce, ba a shigar da tuhuma a kotun da ke da hurumi ba tukuna", da sun san tambayar da za su yi wa lauya. Mafi yawan waɗanda ke gidajen gyaran halin Nijeriya masu jiran shari'a ne, don haka wannan ba ƙaramin rukuni ba ne.

Kishiyar kalmar ma tana da tarko. "Discharge" sauke lodi ne, a kotu sallama ce. Amma sallama ba wankewa ba ce. Idan mai gabatar da ƙara ya janye tun kafin a yi nisa, ko ya kasa kawo shaidu aka kori ƙarar, ana iya sallamar mutum yau a sake kama shi gobe a kan maganar nan. Wanda aka wanke bayan an duba shaida shi ne Tsarin Mulki ya hana a sake yi masa shari'a a kan wannan laifin. Mai karanta labarai da ya ce "kotu ta wanke shi" inda sallama kawai aka yi ya ba iyali farin cikin da ba shi da tushe.

A banki kalmar fuska biyu gare ta. Ta farko kowa ya san ta, kuɗin hidima da ake cira, kuma caji ya wadatar a nan, ko da yake ya kamata a riƙa raba abin da banki ya ci da abin da ya karɓar wa gwamnati, kamar naira 50 da doka ta ɗora wa turin kuɗi daga naira 10,000 zuwa sama. Ta biyun ita ce mai haɗari. Idan takardar bashi ta ce banki yana da "charge" a kan dukiyarka, ba kuɗin hidima ake nufi ba. Nauyi ne aka ɗora wa dukiyar kanta, in ka gaza biya a sayar da ita a biya bankin kafin sauran masu bin ka. Jingina ce ta fi kusa, sai dai a jinginar gona da muka sani gonar takan koma hannun mai kuɗi ya noma ta, a nan kuwa kayan suna hannunka kana ta amfani da su, shi ya sa mutum ke mantawa an ɗaure su. Iri biyu ce. Akwai kafaffiya, a kan abu sananne kamar gini ko inji, wanda ba ka da ikon sayarwa sai da yardar mai bashi. Akwai mai shawagi, wadda kotunan Ingila suka fara amincewa da ita a 1870, a kan kayan da ke shiga suna fita kamar hajar da ke sito. Kana saye kana sayarwa ba mai hana ka, amma ranar da kamfani ya durƙushe ko aka naɗa mai karɓar dukiya, sai ta sauka ta kama duk abin da ta tarar. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce a yi rajistarta a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, cikin kwana 90. Ɗan kasuwar da aka karanta wa takardar nan aka ce masa "cajin banki ne" ya sa hannu a kan abin da bai sani ba.

A kasafin gwamnati kuma za ka ji "first-line charge", wato kuɗin da ake cirewa daga asusun tarayya na bai-ɗaya tun daga tushe, ba a bar su hannun son ran ɓangaren zartarwa ba, kamar na ɓangaren shari'a. "Chargé d'affaires" muƙaddashin jakada ne, wanda aka ɗora wa nauyin ofis. Ga sojan doki "charge" sukuwar farmaki ce, irin ta Balaklaba a yaƙin Kirimiya a 1854, dokin yaƙin kuma sunansa "charger", suna ɗaya da cajar wayarka. Ga masu narka ƙarfe ita ce cakuɗar tama da gawayin kwal da farar ƙasa da ake zuba wa tanderu.

Za a ce ai kowa yana ganewa daga yanayin magana. A hira gaskiya ne. Amma labarin rediyo na daƙiƙa 30 ba shi da yanayin da zai ceci mai sauraro, takardar bashi kuma ba ta amsa tambaya. Za a kuma ce Turawa da kansu kalma ɗaya suke amfani da ita. Haka ne, amma su ma ba su tsira ba, shi ya sa lauyansu da injiniyansu kowa yake da ƙamus ɗin sana'arsa, kuma babu dalilin da zai sa mu shigo da cunkoson wani harshe inda namu yake da fili.

Abin da nake so a yi ba babba ba ne. Kowane gidan rediyo da jaridar Hausa su ajiye ɗan kundin cikin gida na kalmomin Turanci masu fuskoki da yawa, a tsara shi bisa sana'a: a ƙarƙashin kowace kalma a rubuta fagen, da kalmar Hausa, da jimla ɗaya ta misali, da kuskuren da aka saba yi. Kada malaman harshe su rubuta shi su kaɗai. A zaunar da magatakardar kotu da tsohon tafinta a kan ɓangaren shari'a, mai gyaran firji da mai haɗa sola a kan nasu, jami'in bashi a kan na banki, sannan masana irin na cibiyar nazarin harsunan Nijeriya da ke Jami'ar Bayero su daidaita rubutu. 'Yan uwanmu na Nijar su shigo ciki, domin Faransancin da suke fassarawa yana ɗauke da wannan kalma da irin wannan rassa. A fara da shafin kotu, a buga shi a manna a bangon ɗakin labarai kusa da inda ake rubuta kanu: zargi, tuhuma, tsarewar jira, gurfanarwa, samu da laifi, sallama, wankewa.